Filin da Aka Shata Ba a Karɓa Ba: Tsokaci a Kan Ƙuduri na 29 na Majalisar Fiƙihu

A zamanta na huɗu a Jidda, cikin Jimada Sani 1408 (Fabrairu 1988), Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa ta fitar da ƙuduri mai lamba 29 a kan karɓe kadarar mutum domin maslahar jama'a. Ta halatta shi bisa sharuɗɗa: shugaba ko wakilinsa ne zai karɓa, buƙatar ta kasance ta gama-gari, irin ta masallaci ko hanya ko gada, a biya diyya nan take, wadda masana suka ƙiyasta, ba ƙasa da farashin makamanciyar kadarar ba, kada a juya filin zuwa kasuwanci, kuma kada a yi gaggawar karɓarsa kafin lokacinsa. In an sauya manufa, mai asalin fili ko magadansa su suka fi cancantar a mayar musu.

Ƙudurin yana da tushe. Umar ɗan Haɗɗabi (R.A.) ya faɗaɗa Masallacin Harami a shekara ta 17 bayan Hijira, ya sayi gidajen da ke kewaye, waɗanda suka ƙi sayarwa kuma ya rushe nasu ya ajiye musu kuɗinsu har suka karɓa. Sharaɗin hana kasuwanci ma abin yabo ne, domin ba sau ɗaya ba an ga filin da aka karɓa da sunan jama'a ya wayi gari rukunin shaguna.

Rauninsa yana wani wuri. Ƙudurin ya ɗauka cewa lamarin biyu ne kawai: ko an karɓe, ko an bari. Amma mafi yawan rigimar tsara birane a yau tana faruwa ne a tsakanin waɗannan biyun. Hukuma ta zana taswira, ta shafa wa gonar wani koren launi, ta ce nan gaba lambun shaƙatawa za a yi. Ba ta karɓa ba, saboda haka ba diyya. Ba ta saki ba, saboda haka ba izinin gini, mai saye kuma ya gudu. Takarda tana hannun mai ita, amfanin ya tafi, magada na jiran rabon abin da ba ya sayuwa. Malaman fiƙihu sun bayyana mulki da ikon yin tasarrufi. Wanda aka ɗaure wa hannu shekara ashirin, me ya rage masa na mulki in ban da suna? Abin mamaki, sharaɗin kada a karɓa kafin lokaci, wanda aka sa domin kare mai fili, yana iya zama mafakar hukuma, ta ce ai lokacin bai yi ba.

Masu kare irin wannan shaci sukan kafa hujja da hurumi, wato hima: Annabi (S.A.W.) ya keɓe Naƙi'u, Umar ya keɓe Rabaza. Kiyasin bai zauna ba. Hurumi a matacciyar ƙasa ake yin sa, wadda ba ta da mai ita, kuma a babin ƙasar da ba a raya ba ne malamai suke tattauna shi. Umarnin da Umar ya ba mai gadin huruminsa, Hunayyu, kamar yadda Muwaɗɗa ta ruwaito, shi ne ya bar mai 'yan dabbobi kaɗan ya shiga, ya tsare garken attajirai. Shacin zamani sau da yawa akasin haka yake yi.

Wannan ba musun maslahar lambu ba ne. Birni mai zafi da ambaliya yana buƙatar itatuwa da sararin da ruwa zai nutse. Tambayar ita ce wa zai ɗauki nauyin. A Nijeriya gibin ya fi faɗi, domin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon soke haƙƙin mallaka a sashe na 28, sashe na 29 kuma ya rataya diyya a kan gine-gine da amfanin gona, ba darajar filin kansa ba. Ƙa'idar gusar da cuta ta isa a gina ƙarin hukunci a kanta: a sa wa shaci wa'adi sananne, in ya cika hukuma ta saya da farashin ranar biya ko ta janye, kuma mai fili ya sami damar tilasta mata zaɓar ɗaya a gaban alƙali.