Ƙirga gawa ba shi ne aikin jarida ba

Na gaji da labarin nan guda ɗaya da ake maimaita mana kullum. Kun san shi: 'yan bindiga sun afka wa wani ƙauye a Zurmi ko Sabon Birni, sun kashe mutum kaza, sun kora shanu. Sai a kawo wani mazaunin yankin da ya nemi a sakaya sunansa. Sai a rufe da cewa duk ƙoƙarin jin ta bakin kakakin 'yan sanda ya ci tura. Shi ke nan, an tashi aiki. Gobe a canza sunan ƙauye da adadin mamata, a sake bugawa.

To bayan jana'iza fa? Wa ya koma? A 2021 duniya ta ɗauka da sace 'yan matan Jangeɓe 279, aka yi ta ɗaukar hoto ranar da aka sako su. Su nawa suka ƙarasa karatu? Manomin da sai ya biya haraji kafin ya yi shuka, ya sake biya kafin ya girbe, ba shi da gurbi a kanun labarai, don bai mutu ba tukuna. Wa ke kai man fetur da babura daji? Ina ake sayar da shanun sata? Shiru kake ji.

Amma jagoran 'yan bindiga Bello Turji ya saki bidiyo, ka ga rububi! Kafin la'asar an rairayo kowace kalma tasa, har da sharhin masana. Matar da ya mayar da ita bazawara kuwa ko sunan ƙauyenta ba a rubuta daidai ba. Harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a 2022 ya shafe watanni a bakin 'yan jarida, kuma ya cancanta. Sai dai da alama jinin ɗan birni ya fi na ɗan ƙauye tsada a ɗakin labarai.

Na sani, daji ba wurin wasa ba ne, kuma a 2022 hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci Trust TV tarar naira miliyan 5 saboda shirinta kan 'yan bindiga. Na jinjina wa Trust TV.

Amma ba daji na ce ku shiga ba. 'Yan gudun hijira na nan a Gusau, a Sakkwato, har Maraɗi. Editoci, ku tura wakilanku su zauna da su, bayan wata uku kuma su sake komawa.