Ku Daina Jibge Gida Sukutum a Leya Sifili

Abin nan ya ishe ni, kuma na san ya ishi da yawa daga cikinku, ko da ba ku faɗa ba. Za a turo maka fayil ɗin AutoCAD ta WhatsApp, a ce ka duba ka saka wayarin ko ka fitar da lissafin bulo. Kana buɗewa ka tarar da bango, ƙofa, taga, rubutu, ma'auni, gado, kujera, motar mai gida da bishiyar darbejiyar ƙofar gida, duk suna kan leya sifili. Gida sukutum, tun daga harsashi har rufi, a wuri guda. Sai ka ce mai shagon da ya juye gero, dawa, wake da shinkafa a buhu ɗaya, sannan ya ce wa mai saye ya tsince abin da yake so.

Masu wannan aika-aikar ba jahilai ba ne, shi ya sa abin ya fi ƙona mini rai. Yaranmu na yanzu sun iya kwamfuta fiye da yadda muka iya a shekarunsu. Ka ba ɗayansu fili ƙafa 50 da 100, kafin la'asar ya kawo maka hoton gida daga SketchUp da Lumion, da fitilu a katanga, da ciyawa shar kamar ba a Sakkwato za a gina shi ba. Alhaji ya gani ya ce ma sha Allah, ya biya. To madalla, hoton ya yi kyau, ban musa ba. Amma birkila ba da hoton zai aza bulo ba, mai aikin famfo ba da hoton zai san inda bututu ya bi ba. Da zanen ƙasa za su yi aiki, shi kuwa zanen ƙasa an yi masa riƙon sakainar kashi.

Tun kafin kwamfuta ta shigo ofisoshin zane, manyan masu sana'ar nan sun san amfanin rarrabewa. Sukan zana bango a takarda mai shara-shara guda, wayarin a wata, bututun ruwa a wata, a huda gefen kowace a jera su a kan ƙusoshi domin su hau daidai. Wanda ke son ganin wuta kaɗai sai ya ɗora takardar wuta a kan ta bango. Da Autodesk ta fitar da AutoCAD a 1982, wannan dabarar ce ta koma leya. Ƙungiyar masu zanen gine-gine ta Amurka ta buga ƙa'idarta ta sanya wa leya suna a 1990, inda ake samun A-WALL na bango, A-DOOR na ƙofa, S-COLS na ginshiƙai, E-LITE na fitilu. Harafin farko ya gaya maka aikin wane ne, sauran su gaya maka mene ne a ciki. A 1998 ƙa'idar duniya ta ISO 13567 ta biyo baya. Wato sama da shekara talatin ke nan da aka sha wahalar tsara abin nan aka miƙa mana, mu kuma muka ce leya sifili ta wadatar.

Leya sifili tana da aikinta, kuma aikin ba ƙarami ba ne. Ita ce ba a iya gogewa, ba a iya sake mata suna. Idan ka zana ƙofa a kanta, ka bar launi da kaurin layi a ByLayer, ka mayar da ƙofar bulok, to duk leyar da ka ɗora ta za ta ɗauki launi da kaurin wannan leyar. Ƙofa ɗaya, ka yi amfani da ita a gini ɗari. Wannan ne dalilin zaman leya sifili. Ba rumbun tara tarkace aka yi ta ba.

Ku leƙa nan Gawon Nama, ku dubi asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ku ƙiyasta abin da ke cikin bango da silin na gini irin wannan: ruwa mai kyau, ruwan ƙazanta, wutar gari, wutar janareta, bututun iskar da majinyata ke shaƙa, wayoyin sadarwa. Duk injiniyan da zai taɓa irin wannan gini dole ya iya ganin abu guda shi kaɗai, sannan ya haɗa biyu ya ga ko sun yi karo. Wani zai ce ai ni gidan kwana nake zanawa. To gidan kwanan Sakkwato na yau fa? Zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40 ya sa kowane ɗaki na neman na'urar sanyaya ɗaki da layinta. Ga sola a rufi, ga batura da inbata, ga rijiyar burtsatse da tankin sama, ga sokawe wadda bai kamata ta kusanci rijiyar ba. Ga sashen mai gida, ga sashen iyali, ga zaure, ga shagunan da aka fitar ta bakin titi. Gobe kuma mai gida ya ce zai mayar da shagunan ɗakin gwaje-gwaje ko kemis. Wanda zai yi wannan gyaran, fayil ɗinka zai buɗe.

Ga kuma wata ɗabi'ar da ta samo asali daga wannan kasalar, wadda ita ce ke jawo asarar kuɗi tsantsa. Tunda mutum bai rarraba komai ba, ba ya iya kashe kujeru ya bar wayarin. Sai ya kwafi zanen gidan gaba ɗaya ya jera gefe da gefe: wannan na ɗakuna, wannan na wuta, wannan na ruwa, wannan na rufi. Sai Hajiya ta ce a matsar da ƙofar kicin. Ya gyara a na farko, ya manta da sauran. Mai wayarin ya fasa bango ya binne bututu inda tsohuwar ƙofa take, makunnin fitila ya faɗo a bayan ƙyaure. A fasa, a sake, a sayi siminti, a yi ta cacar baki a wurin gini kan laifin wane ne. Alhali zane ɗaya ya isa. Kowace tagar da ka buɗe a shafin bugawa tana iya daskarar da leyoyin da ba ta buƙata ita kaɗai, ba tare da ta taɓa sauran ba. Ka gyara ƙofa sau ɗaya, ta gyaru a kowane shafi.

Daskararwa ma mutane da yawa ba su bambanta ta da kashewa ba. Leyar da ka kashe ɓoyewa kawai ta yi. Idan ka ce a zaɓi komai ka goge, har abin da ba ka gani zai tafi. Wadda ka daskarar kuwa manhajar ta ajiye ta gefe, ba a zaɓo ta, ba ta shiga lissafin faɗin zane. Wadda ka kulle kana ganinta, kana iya ɗaukar ma'auni daga jikinta, amma hannunka ba zai motsa ta ba. Zanen safiyo, da iyakar fili da duwatsun shaida, a kulle ya kamata ya zauna tun ranar farko. Kuskuren matsar da iyaka da ƙafa biyu a kwamfuta, a ƙasa rigima ce da maƙwabci.

Akwai kuma 'yan ɗaya ɓangaren, kada su ɗauka sun tsira. Su fayil ɗinsu leya ta yi yawa har ba ta ƙirguwa: Layer1, Layer2, sabo, sabo2, sunan mai zanen, da wasu sunaye cikin Sinanci da Turkanci da suka biyo kujeru da motocin da aka sauko da su daga intanet. Rabinsu babu komai a ciki. Wasu kuma sun gano cewa Defpoints ba ta fita a firinta, sai suka mayar da ita maɓoya, alhali manhajar ce ke ƙirƙirarta domin ma'auni. Ranar bugawa a nemi rabin rubutu a rasa. Sai masu fentin layi ɗaya-ɗaya da hannu, wannan ja, wannan kore, ba ruwansu da ByLayer. Ka canza launin leya, babu abin da ya motsa. A ofishin da kaurin alƙalami ke bin launi wajen bugawa, sai bango ya fito siriri, kujera ta fito da kauri kamar ginshiƙi.

Na san abin da za a ce: wuta ba ta zama, mai aiki yana son zane gobe, kuɗin kuma bai taka kara ya karya ba. Gaskiya ne. Wasu kuma za su ce duniya ta koma Revit, inda bango ya san shi bango ne. Allah ya kai mu, amma injiniyan rodi da mai wayarin na garin nan har yanzu fayil ɗin DWG na AutoCAD suke nema.

Batun sauri ma ni ban ɗauke shi uzuri ba. Zama ɗaya za ka yi ka tsara fayil ɗin farawa, ka adana shi a matsayin DWT, da leyoyinka ashirin ko talatin, kowace da launinta da kaurinta. Bangon bulo inci 9 daban, na inci 6 daban, yadda mai lissafin kaya zai ware kowanne ya auna ba sai ya bi layi-layi yana tsammani ba. Daga nan kowane sabon aiki a kansa zai tashi. Wanda ya gaji fayil mai datti shi ma ba a bar shi haka ba: LAYWALK zai nuna masa abin da ke kan kowace leya ɗaya bayan ɗaya, LAYISO ya ware masa guda, LAYMRG ya haɗe masu maimaici, PURGE ya share fankon, LAYTRANS ya juya sunayen wani zuwa nasa tsarin. Duk suna cikin manhajar da ke gabanka.

Hukumar tsara birane takarda take karɓa ta buga hatimi, mai gida hoto yake kallo, don haka babu wanda zai kama ka sai abokin sana'arka. Shi ya sa nake roƙon manyanmu masu ofis, waɗanda ɗalibai ke zuwa koyon aiki a hannunsu: kada ku duba abin da aka buga kaɗai, ku buɗe jerin leyoyin yaro ku gani. Ni dai daga yanzu duk wanda ya turo mini gida a leya sifili, zan mayar masa da abinsa tare da fayil ɗin farawa nawa kyauta, ya rarraba ya sake turowa. Ko da KATANGA, ƘOFA, WUTA da RUWA ya sa musu suna, zan karɓa.