Wa'azin Tsabta: Wa Ake Yi Wa Faɗa?

Duk ɗalibin da ya karanta Ishmawi ko Risala ya san hukuncin ruwa: in najasa ta jirkita launinsa, ko ɗanɗanonsa, ko ƙanshinsa, to ba a alwala da shi. To, mai karatu ya je ya dubi rafin Getsi, wanda ke kwaso dagwalon masana'antun Bompai ya juye a Jakara, ko ya dubi abin da kamfanonin jima na Sharaɗa ke turawa kogin Challawa, har da sinadarin kuromiyom da ake jeme fata da shi. Siffofin nan uku babu wadda ta tsira. Da wannan ruwa kuwa ake ban ruwan latas da kabejin da ke shigowa kasuwannin Kano.

Abin da ke damuna da waƙoƙinmu na wa'azi a kan tsabta shi ne inda suke dosa da bulalarsu. Kullum matar gida ce ƙazama: ba ta share tsakar gida ba, ba ta rufe randa ba. Gaskiya ne, amma faɗa ne mai arha, don ita ba ta da bakin ramawa. Mai kamfanin da ya ɓata rijiyar unguwa ɗungum, ga alama amsa-amo ba ya hawa sunansa. Wannan ba gadon magabata ba ne. Shehu Usmanu a cikin Kitabul Farƙi zaluncin masu mulki ya zayyana ɗaya bayan ɗaya, har da jangali.

A Amurka, cikin 1982, gwamnatin jihar Karolina ta Arewa ta fara binne ƙasa mai guba a gundumar Warren, inda baƙar fata suka fi yawa. A coci mutane suka riƙa taruwa, daga nan su fita su kwanta a gaban motocin da ke kawo ta. An kama fiye da mutum 500, da limaman coci a ciki. Ba su hana binnewar ba, amma a 1987 cocin United Church of Christ ya fitar da rahoton da ya nuna cewa unguwannin da ba na farar fata ba su aka fi jibge wa sharar guba. Su sun ɗauki ƙazanta a matsayin zalunci, mawaƙanmu kuwa har yanzu suna lissafa ta cikin lalacin matan aure, alhali babin ruwa na nan cikin littattafan da ake biyawa a zaurukan Fagge da Dakata.