Haƙurin da Ke Ɓoye Wuƙa: Nazari a Kan Finafinan Sha'awa da Kisa

Tun lokacin da fim ɗin Deep Water ya fito a watan Maris na shekarar 2022, bayan an yi ta ɗage fitowarsa har daga ƙarshe aka miƙa shi ga dandalin Hulu ba tare da ya shiga gidajen silima na Amurka ba, masu sharhi da yawa suka yi ittifaƙi a kan cewa zamanin finafinan sha'awa da kisa ya shuɗe, wasu ma suka ƙara da cewa dama can fannin batsa ne aka lulluɓe da mayafin labari. Na yarda da su cewa fim ɗin bai cika alkawarinsa ba, amma hukuncin da suka yanke wa fannin baki ɗaya zalunci ne, domin wanda ya karanta littafin da Patricia Highsmith ta wallafa a 1957, wanda daga gare shi aka ɗauko fim ɗin, zai gane cewa aibin yana ga masu ɗaukowa, kuma asalin yana nan da ƙarfinsa.

Tarihin fannin gajere ne. James M. Cain ya share masa fage da The Postman Always Rings Twice a 1934 da kuma Double Indemnity, wanda Billy Wilder ya mayar fim a 1944, a zamanin da dokar tace finafinai ta Hays ta hana a nuna komai na tsiraici, har ya zama dole masu fim su koyi faɗar abu da kallo da shiru da rufe ƙofa. Da aka ajiye dokar a 1968 sai labule ya yaye, Body Heat ya zo a 1981, Fatal Attraction na Adrian Lyne a 1987, Basic Instinct a 1992, daga nan kuma kasuwa ta cika da masu kwaikwayo har mutane suka ƙosa. Lyne ɗin nan shi ne ya dawo da Deep Water bayan shekara 20 bai fitar da fim ba, don haka aka sa rai ƙwarai.

Kowa ya san ginshiƙan irin wannan labari: aure ko amana, sha'awar da ta ƙetare haddi, sannan jini. Wanda ya ce maudu'in kansa ne abin ƙyama ya manta cewa fitinar namiji da mace tana cikin mafi daɗewar abin da ɗan Adam ya ba da labarinsa, kuma ko a ƙissar Annabi Yusufu, alaihissalam, wadda ta fi ƙarfin a gwada ta da aikin kowane mahaluki, an ambaci ƙofofin da aka kulle da rigar da aka yage ta baya, ba tare da an keta alfarmar mai sauraro ba. Darasin da ke ciki ga kowane mai ba da labari shi ne, ana iya bayyana tsananin fitina alhali ana riƙe da kunya, kuma abin da aka sakaya ya fi nauyi a zuciya.

Dabarar Highsmith, wadda ita ce nake so in tsaya a kanta, ita ce ta zaunar da mai karatu a cikin zuciyar mai kisa tun kafin ya yi kisa, ta bar shi a can har ya saba da wurin. Vic Van Allen mutum ne mai rufin asiri a wani ƙaramin gari mai suna Little Wesley a jihar Massachusetts, yana cin gadon mahaifinsa, yana da 'yar maɗaba'a da ke buga littattafai kaɗan a shekara cikin kyakkyawar ƙira, yana kula da 'yarsa Trixie fiye da yadda uwarta ke yi. Matarsa Melinda kuwa tana kawo samarinta har cikin gida, shi kuma ya zuba musu abin sha, ya zauna ana hira da shi har dare ya raba, sannan ya tashi ya nufi ɗakinsa na daban da ke jikin gareji. A ido, wannan sifar dayyusi ce, wanda kishin iyalinsa ya mutu a zuciyarsa. Amma da yake marubuciyar ta ba mu damar jin abin da yake rayawa, muna ganin yadda yake ƙidaya aibun kowane baƙo, yana auna jahilcinsa, yana jin daɗin cewa maƙwabta suna tausaya masa suna yaba dattakunsa, har mu fahimci cewa abin da garin ke kira haƙuri girman kai ne da ujubu, kuma shirunsa hanya ce ta azabtar da matar.

Dubi yadda aka gina kisan farko. A wurin wata liyafa Vic ya gaya wa ɗaya daga cikin samarin Melinda, cikin sanyin murya, cewa shi ne ya kashe wani tsohon saurayinta mai suna McRae, wanda aka tsinci gawarsa ba a san wanda ya kashe shi ba. Ƙarya ce, amma ta yi aiki, saurayin ya janye jiki, zancen ya zaga gari, Vic ya ɗanɗani abin da bai taɓa ɗanɗana ba, wato a ji tsoronsa. Da aka kama ainihin wanda ya yi kisan sai kwarjinin ya zube, Melinda ta kawo wani makaɗin fiyano mai suna Charley De Lisle, kuma a wata liyafar, lokacin da su biyu kaɗai suka rage a wurin ninkaya, Vic ya danna shi cikin ruwa har ya daina motsi, ya fito ya koma cikin jama'a. Abin da ke tayar da tsigar jiki a nan shi ne mai karatu ba ya jin an yi tsalle daga ƙaryar zuwa aikin, domin harshe ya riga ya share wa hannu hanya, kuma bayan kisan Vic ya sami natsuwar da ya daɗe bai samu ba. Da Melinda ta fito fili ta ce mijinta ne ya kashe shi, garin bai gaskata ta ba, saboda shekarun da ya yi yana tara shaidar kirki sun zama masa garkuwa. In ban da Don Wilson, marubucin da ba a ƙauna a unguwar, babu wanda ya tsaya mata.

Haka nan dodon koɗin da Vic ke kiwo a gareji, wanda Highsmith ita kanta ta kasance tana kiwonsa. Mutumin da ba ya kusantar matarsa shi ne ke tsayawa yana kallon waɗannan halittu masu sanyin jiki suna manne da juna, yana ganin a tattare da su amincin da ya rasa a gidansa. Da wannan kaɗai marubuciyar ta faɗi duk abin da ake buƙatar sani game da sha'awarsa, ba ta buɗe ƙofar ɗakin kwana ba.

Fim ɗin, wanda Zach Helm da Sam Levinson suka rubuta, ya riƙe sassan labarin ya saki ruhinsa. An mayar da gidan New Orleans, an mayar da Vic, wanda Ben Affleck ya fito a matsayinsa, attajirin da ya yi arziki da ƙera wani sashe na jiragen yaƙi marasa matuƙi, wato an manna masa alamar jini tun daga farko, alhali ƙarfin littafin yana ga cewa ba wanda zai zargi mai buga littattafan waƙa. Mafi muni, an sa shi yana sha'awar Melinda, wadda Ana de Armas ta fito a matsayinta, har ana nuna kamar kishin nasa wasa ne da ke rura wutar aurensu. Da zarar an yi haka, labarin munafunci ya koma labarin ma'aurata masu baƙin ɗabi'a, dodon koɗin ya zama ado, kuma tun da kyamara ba ta shiga zuciya, ba a kuma nemi wata dabarar da za ta maye gurbin muryar zuci ba, mai kallo ya rage yana duban fuskar da ba ta gaya masa komai.

Ƙarshen ne ya kammala ɓarnar. A littafi, bayan ya kashe wani saurayin Melinda mai suna Tony Cameron ya jefa gawarsa a ramin da ake fasa dutse, asirin Vic ya tonu, ya shaƙe Melinda, 'yan sanda suka tafi da shi, kuma ta haka aka tabbatar cewa ita ce abin harinsa tun fil'azal, samarin hanya ce kawai. A fim kuwa Wilson ne ya mutu a haɗarin mota, Melinda ta ga shaidar kisan Tony a hannun mijinta ta ƙona ta, suka ci gaba da zama. Masu cewa wannan ƙarshen ya fi dacewa da zamani ba su lura ba cewa ya mayar da kisa tamkar toshi, ya kuma wanke munafukin da littafin ya yi wahalar fallasawa.

Masu ganin fim ɗin ya gaza ne don bai nuna tsiraici isasshe ba, hujjarsu ba ta da tushe, domin Double Indemnity bai nuna komai ba kuma har yau yana riƙe mai kallo. Masu cewa labarin ba ya ɗaukuwa su duba Eaux profondes na Michel Deville, fim ɗin Faransa da aka ɗauko daga wannan littafi, wanda aka yi a 1981 da Jean-Louis Trintignant da Isabelle Huppert. Lyne kansa ya nuna a Unfaithful na 2002 cewa ya san yadda nadama ke cin mutum a ɓoye.

Abin da na tsaya a kai shi ne, wannan fanni ilmin sanin nafsu ne a sifar labari, kuma yana rayuwa ne muddin mai ba da shi ya san cewa fitina tana farawa a zuci kafin ta kai ga gaɓoɓi, ya kuma yarda cewa aiki yana da sakamako. Haƙuri na gaskiya yana tare da faɗar gaskiya, ko dai a gyara aure ko a rabu da mutunci. Wanda ya ƙi duka biyun ya zauna yana murmushi yana tara ƙullaci, shi ne Vic, kuma irinsa suna nan a kowace al'umma. Duk mai fim da ya iya nuna mana wannan mutum daga ciki, zai ga cewa fannin da aka yi wa jana'iza yana da sauran numfashi.