Jinjina ga Masu Awon Ji

Mai injin niƙa a kasuwar Babura, bayan shekaru yana cikin ƙara, yakan fara jin wani ƙugi a kunnensa wanda babu mai jinsa sai shi. Da dare ma ya fi tsanani. Wasu su ce masa iska ce, wasu su ɗiga masa man ja. Masanin ji kuwa zaunar da shi zai yi a ɗaki marar hayaniya, ya sa masa abin sauraro, ya gwada kowane kunne daga siririn sauti zuwa mai kauri, har ya gano inda ji ya ragu. Sannan ya yi masa bayani a natse: ƙugin kan biyo bayan lalacewar ƙwayoyin can cikin kunne, kuma na'urar ƙara ji takan sassauta shi.

Masu wannan sana'a ba su da yawa. Daga Roni ko Gwiwa, galibi sai an dangana da Asibitin Malam Aminu Kano. Shi ya sa na fi jinjina musu kan koyarwa. Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1999, tana horar da likitoci da ma'aikatan jinya, su kuma su koma garuruwansu da ilimin. Ma'aikaciyar jinya a Kazaure da ta san sanƙarau da ƙyanda da allurar Gentamicin na iya kurmantar da yaro, za ta tura shi awo da wuri, tun bai makara wajen koyon magana ba. Allah ya saka wa malamanta da alheri.