Jinjina ga Masu Kasa Littattafai a Gaya

A kasuwar Gaya, inda motocin Malanville da na Kamba suka saba sauke kaya, akwai masu shimfiɗa tabarma su kasa littattafai. Ahalari da Ishmawi a gefe, ga Magana Jari Ce na Abubakar Imam, ga na soyayya daga Kano da rana ta koɗar da bangonsu. Ba su karanci adabi a jami'a ba, amma kana ɗaga littafi za ka ji hukunci: wannan akwai ban dariya, wancan marubuciyar ta cika jan zance. Ni na fi yarda da bakinsu, don jarinsu ne a ciki. Sarraounia na Abdoulaye Mamani kuwa, na 1980, da Faransanci yake, sai su miƙa wa 'yan lakwal.