Adamu Halilu da Tsarin Fage a Fim ɗin Shaihu Umar

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba aikin Alhaji Adamu Halilu ta fuskar da manazarta ba su cika kula da ita ba, watau yadda yake tsara fage da tufafi da kayan aiki kafin a kunna na'urar ɗaukar hoto. Galibin abin da aka faɗa a kan fim ɗinsa na Shaihu Umar, kwatanta shi ake yi da littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, a ce nan ya bi, nan ya kauce. A ganina wannan awo ne da mudun da ba nasa ba.

An haifi Halilu a Garkida cikin 1936, ya kuwa goge ne a sashen shirya fim na Gwamnatin Jihar Arewa, inda ake yin finafinan majigi don wayar da kan talakawa. Cikin 1963 ya fitar da Mama Learns a Lesson a kan kiwon lafiya, daga baya ya shugabanci Hukumar Fim ta Nijeriya da aka kafa a 1979. To, shi majigi yana da sharaɗi mai tsanani. Manomin auduga na ƙasar Faskari ko Ƙanƙara da ya zauna a dandali yana kallon Baban Larai ya san fartanya, ya san danga, ya san yadda ake naɗa rawani. In aka yi kuskure a ɗaya daga cikinsu dariya za a yi, saƙon kuwa ya bi iska. A wannan makaranta Halilu ya koyi tsoron idon mai kallo.

Da ya zo shirya Shaihu Umar a 1976, labarin ya riga ya hau dandamali a hannun Umaru Ladan da Dexter Lyndersay, Ladan ɗin ne ma ya fito a matsayin Shaihu. Saboda haka magana ba ta Halilu ba ce. Nasa shi ne abin da ido ke gani: mazaunin malami da almajiransa, da ginin ƙasa, da ayarin raƙuma cikin rairayi. Tafawa Ɓalewa bai ɓata tawada wajen siffanta waɗannan ba, don masu karatunsa na 1934 sun san su. Halilu kuwa dole ya gina su, ya kuma gina su yadda dattijon da ya ji labarin fatauci daga bakin kakansa ba zai yi tsaki ba.

Amma gwanintar ta zo da nata aibi. Labarin nan na bauta ne, na uwa da ta ratsa Sahara tana neman ɗanta har ita ma aka sayar da ita. Wanda ya saba da majigi yakan tsaya ya nuna abu har sai kowa ya gane, shi ya sa fim ɗin ya haura awa biyu, kuma sau da yawa kyan fage kan sanyaya zafin abin da ke faruwa a cikinsa. Ayari ya yi kyau ƙwarai, alhali mutane ake kora a cikinsa.

An daɗe ana zaton fim ɗin ya salwanta, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar hukumar, aka gyara shi a Jamus, aka nuna a bikin fim na Balin cikin 2018. Ya kamata sassan Hausa na kwalejojinmu su nemi kwafinsa, don a daina koyar da shi daga littafi kawai.